Kibiyar da Kawu Ya Maido Gida

Gonakin rogo uku a bakin fadama, cinyar mutum ɗaya, da kibiya ɗaya da ta tafi daji a jikin gadu ba ta dawo ba. Kayan da ke wuyan Kawu ke nan a ƙarshen rayuwarsa. Ni dillali ne, na ga masu ɗaukar kaya iri-iri, amma ban ga wanda ya sauke nasa daidai kamar yadda shi ya yi ba. Allah ya karɓi abinsa wata Laraba bayan girbin gero. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma.

Ina shagona a Birnin Kudu aka kira ni. Kafin in isa ƙauyenmu da ke ƙasar Fagam har an gama wanka. Abin da na fara gani a ƙofar gida shi ne bakuna, an kwance musu tsirkiya an jera su a jikin katanga. Maharba ne suka zo daga ƙauyukan Gwaram, har da na tsallaken iyakar Bauchi, kuma al'adarsu ce ba sa shiga gidan Sarkin Baka da ɗanannen baka ranar da ya rasu, Kawu kuwa shi ne Sarkin Bakan garinmu. Wani dattijon Bafillace ya tsuguna a gefe yana ta maimaita cewa shanunsa sun yi rashin maƙwabci. Makanikin babur na bakin kasuwa ya rufe rumfarsa ya zo da baƙin mai a hannu, yana ba mutane labarin yadda Kawu ya taɓa jin ƙarar injin wani ɗan acaɓa daga nesa ya ce a duba sarƙa, aka duba aka tarar saura ƙiris ta tsinke.

Inna, wato mahaifiyata, ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Da na shiga gaishe ta ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Yaya ya tafi da kunnensa. Yanzu kowa sai ya yi ta hayaniyarsa."

Mutum biyu ne na fi lura da su a zaman makokin. Ɗaya surukinmu ne, wanda ɗansa ke auren 'yar Kawu Ƙarami. Ya zo yana dogara sanda, ya miƙe ƙafarsa mai tabo a kan tabarma, yana share hawaye da bakin rawani ba ya jin kunyar kowa. Ɗayan kuwa Kawu Ƙarami ne da kansa, ƙanin mamacin. Bai ci ba, in an yi masa gaisuwa sai ya ɗaga kai kawai. Ya zauna yana fuskantar ɗakin da kwarin yayansa ke rataye, kamar mai jiran a kira shi.

Na ji yara a bayan gida suna cewa kakansu ya kashe gadu da bakan Turawa. Gaskiya ne, amma in abin da za a riƙe ke nan, an yi asara. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kawu ba mai yawan magana ba ne, kuma ba shi da girman jiki. In yana sauraron abu sai ya rufe ido ya karkatar da kai gefe. Haka yake yi wa mai kawo ƙara, haka yake yi wa tsirkiya. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya tsallake kayan aikin wani, kuma bai taɓa kirana da sunana ba tun da na fara sana'a. "Alhajin gwanjo" yake ce mini, tun ban je Makka ba, domin ina saye da sayar da tsofaffin kaya: injin ban ruwa, janareta, keken ɗinki, duk abin da ya faɗo daga kwantena a Kano.

A gidan kakanmu akwai wata ƙa'ida. In ɗa ya isa shiga daji, uban zai sa maƙeri ya ƙera masa bakin kibiya goma sha biyu, kowanne da shaidarsa a wuya. Na Kawu tsaga uku ne, na ƙaninsa tsaga biyu. Kyauro yana karyewa a sake wani, amma ƙarfen ba a barinsa a daji. Dabbar da ta tafi da kibiyarka, duk ɓarnar da ta yi taka ce har sai ka dawo da ƙarfenka gida. Kuma kwarin maharbi ba mai buɗe shi sai mai shi, ko matarsa ba ta leƙawa. Kawu yakan ce, "Harbi kowa ya iya. Bin sawu shi ne sana'ar."

To, wata shekara da kaka maharban garin suka fita korar gadu daga fadama, domin ya addabi masu rogo. Aka harbi wani ƙaton namiji a kafaɗa. Kibiyar ta tsaya a ƙashi, dafin kuma ya tsufa bai ci ba, gadun ya karya kyauron a jikin itace ya tafi da ƙarfen. Gadu dabba ce mai gudun mutum, amma wannan tun daga ranar ya daina gudu. Ba a yi wata ba ya tarar da surukinmu yana tonon rogo, ya zuba masa haure a cinya. Da ƙyar aka kai shi asibitin Birnin Kudu da rai. Ya tashi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Gonarsa, da ta Inna, da ta wata gwauruwa da ke kusa da su, duk aka bar su ciyawa ta cinye, don ba mai yarda ya tura iyalinsa can.

Dangin surukinmu suka kai magana gaban dagaci, suna so a faɗi mai kibiyar. Rai ya ɓaci sosai, har ana cewa in an san shi ba za a ƙara haɗa hanya da gidansa ba. Kawu ya bari kowa ya gama, sannan ya buɗe ido ya ce, "A ɗora a kaina. Ni ne Sarkin Baka. Kuma ba zan ajiye baka ba sai ƙarfen nan ya kwana a gida."

Ba wanda ya yi mamaki, domin kowa ya san kafaɗarsa ta dama ta fara gazawa. Yana iya jan baka, amma ba ya iya riƙe shi a jaye, hannun sai ya kama rawa. Mutane suka ce tsufa ne ya sa kibiyarsa ta kasa shiga. Ni ma haka na ce. Masu gaishe shi da tsugunawa suka koma gaishe shi a tsaye. Da damina ta faɗi sai ga shi da fartanya a gonar tudu ta surukinmu, yana noma tare da 'ya'yan gidan. Suka ce ya bari, ya ce, "Ƙafarsa ce ba ta nan, ni kuwa tawa biyu."

Samari sun gwada gadun da bindigar adaka. Harsashin ya watse a fatarsa ya ƙara masa fushi, ɗaya kuma ya sami maraƙin Fulani, Kawu ya hana. Dafi kuwa, maharba sun yarda cewa dabbar da ta sha shi ta tashi ba ya sake cinta. Saura abu ɗaya: kibiyar da za ta ratsa ƙirji da ƙarfinta kaɗai. Bakan gargajiya ba don haka aka yi shi ba, balle a hannu mai rawa.

Ana cikin haka wani dogon akwati ya zo mini a cikin kayan gwanjo, tsakanin injinan ban ruwa. Na buɗe na ga baka na ƙarfe, gajere, da 'yar taya a kowane ƙarshe irin ta jan guga a rijiya, igiyoyi sun sarƙe tsakaninsu. Akwai kibau shida na alminiyam masu fikafikan roba, da wani maɗauri na wuyan hannu mai kunama kamar ta bindiga. Wani mai otal ya taya don ya rataye a bango. Na ce ya jira in nuna wa Kawu tukuna, don ya yi dariya.

Bai yi dariya ba. Ya jujjuya shi, ya shinshina igiyar, ya ce in ja ya gani. Na ja. Da farko nauyi kamar guga cike, da na wuce rabi sai tayoyin suka juya, nauyin ya zube, na riƙe shi kamar ba komai. Ya ce in sake. Na sake ja. Ya karɓa ya ja da kansa, fuskarsa ta yamutse, sai kuma ta saki. Ya tsaya a jaye. Hannun bai yi rawa ba. Ya daɗe a haka yana kallon katanga kafin ya mayar da tsirkiyar a hankali.

Ya ce, "Alhajin gwanjo, wanda ya ƙera wannan tsoho ne. In kuwa ba tsoho ba ne, to yana da uba tsoho kuma yana tausayinsa."

Na ce, "Kawu, ai sai mu tafi fadama gobe."

Ya ce, "Kai in ka sayi inji a Kano, ranar kake kai shi gona?"

Rani guda ya yi yana gyaran bakan nan. Duk ranar kasuwar da na samu sarari ina zuwa, kuma abin da na gani har yau ban manta da shi ba.

Ya fara da tsawon ja. Bakan na wani dogon mutum ne, tsirkiyar tana wuce kunnen Kawu. Ya kai wa makanikin bakin kasuwa, suka duƙa a kai su biyu har suka gano 'yan ramuka a jikin tayoyin. Makanike ya sa alanki, ɗan makullin kwance noti, ya matsar da kusoshin rami-rami, Kawu yana ja yana cewa "saura", har tsirkiyar ta tsaya masa a gefen baki. Wani ƙarfe mai 'yan tsinkaye da aka maƙala don saiti kuwa, cewa ya yi a cire. "Kafaɗata ce ta mutu, ba idona ba."

A kan manyan notuna biyu da ke riƙe hannuwan bakan muka fara samun saɓani. Na lura in an ɗaure su ƙarfin ja yana ƙaruwa, sai na ɗaure su tamau, na ɗora kibiyar kyauro irin tamu na saki. Bakan ya yi ƙara kamar an jefar da faranti, kyauron ya tarwatse a gabana, wani tsinke ya shige mini hannu. Kawu ya fito daga ɗaki ba hula.

"Wa ya ce ka taɓa?"

"Kawu, ƙarfi muke nema. Ga ƙarfi a noti, sai mu bar shi?"

"Ƙarfin da ba ka iya riƙewa na wa ne? Kawo hannun in gani." Ya zare tsinken da haƙori, ya tofar. "Kun saba a kasuwa, komai sai an ƙure shi."

Ya sa gawayi ya yi wa kowane noti shaida, ya riƙa sassauta su bi da bi, na sama juyi ɗaya, na ƙasa juyi ɗaya, har ya kai inda yake iya ja yana zaune a kan duga-dugansa ba tare da ya ɗaga bakan sama ba. Ya ce a gaban gadu ba a miƙewa tsaye a yi kokawa da baka.

Daga nan sai kunne ya karɓi aiki. Yakan sa ni harbi buhun yashi da kibiyar alminiyam, shi kuma ya juya baya ya rufe ido. Kibiyar tana tafiya kamar walƙiya, ni ina murna, shi yana girgiza kai.

"Ka ji wannan ƙarar? Ƙarfin ne ya rasa abin hawa ya dawo jikin baka yana kuka. Kibiyar ta yi masa sauƙi."

Na ce, "Amma ai ta fi gudu."

Ya ce, "Tsinke ya fi taɓarya gudu a iska. Ka taɓa ganin an yi daka da tsinke?"

Kibau ɗin cikinsu rami ne kamar bututu. Ya samo igiyar nailan mai kauri ya cusa a ciki daga baki har gindi, ta cika ramin ba ta motsi. Da aka harba, ƙarar ta ragu. Ya sa maƙeri ya yanko ƙarfen sifirin ɗin mota ya ƙera masa baki mai nauyi, dogo, siriri, kaifi biyu. Maƙerin ya ɗauko kurfi zai fitar masa da kunnuwa kamar yadda aka saba, Kawu ya riƙe hannunsa. Ya ce kunne na kibiyar dafi ne, wadda ake so ta maƙale dafin ya yi aiki. Wannan ba maƙalewa ake so ta yi ba, wucewa ake so ta yi. Yakan ɗora kibiyar a kan yatsa ya ga inda ta daidaita, in a tsakiya ne ya ce a ƙara nauyin baki, sai ta rinjaya gaba. "Kai ne ke jan jiki. In gindi ya fi nauyi, turawa yake yi, mai turawa kuwa ba ya ganin hanya."

Da bakin ya yi nauyi sai wata matsala ta fito: kibiyar tana lanƙwasa a iska kamar maciji. Ya rage tsawonta kaɗan da zarto, ta yi tauri ta miƙe. Biyu daga cikin shidan a wannan gwaji suka lalace.

Akwai ranar da na same shi ya sa makanike yana ja a hankali, shi kuma ya kafa ido a kan tayoyin. Ya ce ta sama tana riga ta ƙasa isa. Ni ban ga komai ba. Ya ce, "Shanun huɗa ne. In ɗaya ya riga ɗaya, kunya ta karkace." Suka matse bakan da igiyar ɗaurin kaya ta mota har igiyoyin suka saki, ya cire ɗaya ya murɗa ta kaɗan ya mayar. Suka yi haka har tayoyin suka riƙa tsayawa tare. Ya shafe igiyoyin da kakin zuma. Da aka harba a ranar, abin da na ji kawai shi ne "tuf", kamar an ajiye tulu a kan yashi. Kawu ya buɗe ido ya ce, "Yanzu ya haɗiye kukansa."

Sai kuma takardar buhun siminti. Yakan ɗaure ta tsakanin sanduna biyu ya harba ta ciki, ya je ya duba yagewar. In ta yage gefe, gindin kibiyar bai bi bakinta ba, kuma kibiyar da ta isa a karkace rabin ƙarfinta a fata zai ƙare. Sai ya matsar da ɗan ƙarfen da kibiyar ke kwanciya a kai, gwargwadon ƙwayar gero, ya sake harbawa. Yaran gidan sun tsince duk buhun simintin garin. Ranar da ya samu rami ɗaya zagayayye da tsaga uku na fikafikai, ya ninke takardar ya ba Inna ta kunna wuta.

Can tsakiyar rani mai otal ya matsa mini, ni ma na gaji. Na zo na ce, "Kawu, kaya in ya daɗe a hannu ya zama asara. Ko mu je fadama, ko in ɗauki abina."

Ya shiga ɗaki ya fito da bakan a cikin akwatinsa ya ajiye a gabana. "Ga shi. Allah ya sa albarka a ciniki."

Na kai hannu, sai muryar Inna daga bayan zana: "In ka fita da akwatin nan, ka haɗa da tabarmarka." Ta leƙo. "Yaya ne ya goya ka zuwa Gwaram ranar da kunama ta harbe ka. Nawa ya caje ka?"

Na mayar da hannuna aljihu. Kawu ya yi kamar bai ji ba, ya ce in biya wajen mahauta in karɓo masa allon kafaɗar sa.

Gwajin ƙarshe ke nan. Ya jingina buhun yashi, ya ɗora allon kafaɗar a kai, ya rufe da busasshen ƙirgi. Ya wasa bakin kibiyar har ya aske gashin hannunsa da shi. Kibiya mara nauyi da ya ajiye don kwatance ta huda ƙirgin ta tsaya a ƙashi tana rawa. Mai nauyin ta fasa ƙashin ta nutse a yashi har fikafikai. Sai dai tana saurin faɗuwa, daga nesa ƙasa take ci. Na nuna masa haka. Ya ce, "To sai in matsa kusa. Dama ni na ƙi zuwa inda yake?"

Kawu Ƙarami yana wurin a ranar. Ya matso ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, ka bar ni in je. Ni ya kamata."

Kawu bai ko dube shi ba. "Zauna. Kana da 'ya a gidan mutane."

Na ɗauka yana nufin kada ya je ya mutu ya bar ta.

Da ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi, gadun ya dawo tonon tsohon rogon da ya rage a gonar Inna. Kawu ya ce in zo, tunda bakana ne. Da hantsi muka isa. Ya ɗebi ƙura ya saki ya ga inda iska ta nufa, ya ajiye ni a kan wani dutse ya ce ko me na gani kada in sauko. Ya cire takalmi. Na ga tsohon nan yana tafiya a tsugune cikin ciyawa, in gadun ya ɗaga kai ya tsaya cak, in ya sunkuya ya matsa. Ya kai kusancin da ni ko da mota ba zan yarda in kai ba. Ina ganin haurensa fari, ina ganin wani ƙullutu a kafaɗarsa ta hagu kamar an cusa goriba a ƙarƙashin fata.

Kawu ya ja. A daidai lokacin gadun ya juyo ya fuskance shi, ya tsaya yana shaƙar iska. Ta gaba ba wurin harbi, ƙashi ne da haure. Da bakan gargajiya ne dole ya saki ko ya mayar, kowanne kuwa mutuwa ce. Ya riƙe. Na karanta duk abin da na iya a kan dutsen nan na sake daga farko, yana riƙe. Can gadun ya huce, ya juya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba kamar yadda suke yi in za su tona. Ban ji ƙarar baka ba. Na dai ga dabbar ta zabura ta yi gudu kaɗan, ƙafafunta suka harɗe, ta faɗi. Kibiyar ta shiga ta bayan haƙarƙari ta fasa kafaɗar can gefe ta leƙo.

Da na sauko, hannun Kawu na dama yana rataye kamar ba nasa ba. Ya ce in je in kira mutane. Kafin mu dawo ya tsaga ƙullutun da wuƙa da hannun hagu, ya ciro abin da ke ciki ya naɗe a ganye ya jefa a kwarinsa, yana goge hannu da ƙasa. Wani ya ce a nuna musu. Ya ce, "Ta dawo gida. Ku haƙa rami ku binne wannan, ya sha wahala shi ma."

Bai ƙara jan baka ba. Kafaɗar a ranar ta gama aikinta, har cin abinci ya koma yi da taimakon hagu. A daminar aka shuka gonakin nan uku. Surukinmu ya aiko masa da buhun rogon farko, ya raba wa maƙwabta.

Bayan addu'ar bakwai aka taru a ɗakinsa don a ga abin da ya bari. Liman ya ce ni in buɗe kwarin tunda na saba ƙirga kaya, maharba suka ce mamaci ba shi da sirrin kwari. Na zazzage a kan tabarma. Na jera ƙarafan kibau ina duba wuyan kowanne. Tsaga uku, tsaga uku, har goma sha biyu, ba wanda ya yi tsatsa. Na sake ƙirgawa, domin bai kamata su cika ba sai da wanda ya dawo daga fadama. Sai ga busasshen ganye a gindin kwarin. Na warware. Ƙarfe ne baƙi, bakinsa ya lanƙwashe. Na goge wuyansa da babban yatsa. Tsaga biyu.

Kawu Ƙarami ya taso ya durƙusa a gaban tabarmar ya ɗauka.

"Tawa ce. Ni na harba. Tun a fadama ya ce in rufe bakina, in na buɗe auren yarinyar nan ya mutu." Ya juya wajen surukinmu, bai iya ɗaga ido ba. "Ga ni."

Surukinmu ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Jikokinsa, waɗanda jikokin Kawu Ƙarami ne kuma, suna wasa a tsakar gida muna jin su. Ya miƙa hannu aka ba shi ƙarfen, ya jujjuya shi, ya mayar cikin ganyen ya ajiye a kan sauran.

"Wanda ya ce a ɗora a kansa ya riga ya biya. In karɓa sau biyu? Tashi, Malam, ƙasa da sanyi."

Inna ce ta fara kuka a bayan ƙofa, kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar.

Ga yadda lissafin ya tsaya a wurina. Ni na rasa ciniki ɗaya, bakan yana nan rataye a ɗakinsa da shaidar gawayi a notunansa, ba kuma zan sayar ba. Surukinmu ya rasa ƙafa. Kawu ya rasa kafaɗa, ya kuma yi shekaru ana gaishe shi a tsaye a kan harbin da ba shi ya yi ba. Abin da aka samu: gonaki uku suna ba da rogo, aure ɗaya yana nan da 'ya'yansa, kuma gidan kakanmu ba shi da ƙarfe ko ɗaya a daji. Na juya wannan ciniki ta kowane gefe, ban ga inda ya faɗi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sauke masa nasa kayan kamar yadda ya sauke na wasu.